Daga Bakin Randa Zuwa Cikin Aji: Koyar Da Yara Kimiyya A Aikace

Yau za mu tattauna ne a kan yadda ya kamata yaranmu na firamare su koyi darasin kimiyya, kuma zan fara da wani abu da ya faru da ni a ajina, wanda har yau in na tuna shi sai na ji nauyi.

Ina koyarwa ne a wata Islamiyya mai haɗe da karatun boko a cikin garin Daura. Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, na gama koya wa 'yan aji huɗu yadda ruwa ke zama tururi. Na rubuta bayanin a allo, suka kwafa, suka rera shi sau uku kamar karatu. Bayan an dawo daga tara sai na tambaye su: "Me ya sa ruwan randar da ke bakin ofis ya fi na jarka sanyi, alhali daga famfo ɗaya aka ɗebo su?" Ajin ya yi tsit. Can sai yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a kowace jarrabawa ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai ba ki ba mu wannan a rubuce ba."

'Yar uwa, gaskiya yarinyar nan ta faɗa. Amsar tambayata tana cikin abin da suka rera minti talatin da suka wuce, amma ba su gane ta ba, domin ban taɓa haɗa musu kalmomin allo da randar da suke shan ruwa a cikinta kullum ba. Laifin nawa ne. Tun daga ranar na sauya salon koyarwata, kuma abin da na koya shi ne nake son mu raba da ke.

Me ake nufi da koyon kimiyya a aikace?

Abin nufi shi ne yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya gani da idonsa, ya auna, sannan ya faɗi abin da ya gano da bakinsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sai dai ki lura, ba kowane wasa da ruwa da ƙasa ne darasi ba. Kafin wasa ya zama darasi sai ya bi matakai huɗu.

Na farko tambaya. A fara da abin da yaro ya saba gani amma bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kansa ba. Na biyu hasashe. Kowane yaro ya faɗi abin da yake zato zai faru, da dalilinsa, kuma kada a yi wa kowa dariya. Na uku gwaji na adalci, wato a sauya abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke. In kina son sanin ko tulu ya fi jarka sanyaya ruwa, to ruwan ya zama daga wuri ɗaya, yawansa ɗaya, a ajiye su a inuwa ɗaya. In kika sa tulu a ɗaki, jarka a rana, kin yi wa jarka zalunci, kuma sakamakonki bai tabbatar da komai ba. Na huɗu rubutu da bayani. Yaro ya zana ko ya rubuta abin da ya gani, ya kwatanta shi da hasashensa na farko.

Mafi wuya ga malama shi ne kame baki. Mun saba da ba da amsa tun kafin yaro ya gama tambaya. A irin wannan darasi, amsa ita ce ke zuwa ƙarshe.

Ba sabon abu ba ne

Kada ki ɗauka wani sabon yayi ne. Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi fice ne saboda bai yarda da maganar magabata a kan haske da gani ba sai ya gwada. Ya yi amfani da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar kafa ya nuna cewa haske a miƙe yake tafiya, ya rubuta littafinsa Kitabul Manazir. A 2015, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar domin haske, an yi bikin tunawa da cikar aikinsa shekara dubu.

A Faransa kuwa, a 1996, wani masani mai suna Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel a 1992, ya jagoranci kafa wani shiri na makarantun firamare da ake kira La main à la pâte, ma'ana "hannu a cikin ƙullu". Kin ji suna kamar daga madafinmu aka ɗauko shi.

A nan gida, a 2008 aka fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da hukumar NERDC ta tsara, wadda ta sanya kimiyya da fasaha tun daga aji ɗaya, an kuma yi mata gyare-gyare bayan nan. A 2006 an fara shirin SMASE tare da haɗin gwiwar hukumar JICA ta ƙasar Japan, a jihohin Kaduna, Neja da Filato, daga baya aka faɗaɗa shi. Ginshiƙin horon da ake ba malamai a shirin shi ne yara su yi aiki da hannunsu, malami kuma ya ƙirƙiri kayan aiki daga abin da ke kusa da shi. To, abin da ke kusa da mu a ƙasar Daura shi ne randa, zoɓo, kanwa, yashi, zogale da rana. Ga gwaje-gwaje biyar da na yi da ɗalibaina da waɗannan kaya.

Gwaji na ɗaya: sirrin randa

Ki fara da hannu. Kowane yaro ya jiƙa bayan hannunsa ɗaya, ya bar ɗayan a bushe, ya kaɗa su duka a iska. Wanne ya fi sanyi? Za su ce jiƙaƙƙen. Ki tambaye su ina ruwan ya tafi da ya bushe.

Sannan ki raba ruwa gida biyu daidai, rabi a ƙaramin tulu na ƙasa, rabi a jarkar roba, ki rufe bakinsu, ki ajiye su a inuwa ɗaya inda iska ke kaɗawa. Yara su shafa jikin tulu da na jarka su faɗi bambanci. Bayan awa uku a zuba a kofi biyu a taɓa, in akwai ma'aunin zafi a auna. Washegari a auna yawan ruwan da ya rage a kowanne. Za su tarar na tulu ya ragu, na jarka yana nan.

Ga bayanin. Jikin tulu yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, ya zama tururi ya bi iska. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi, kuma zafin da yake ɗiba ba kaɗan ba ne: zafin da ake buƙata a mai da lita ɗaya tururi ya fi ninki 5 na wanda ake buƙata a kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Daga jikin tulu da ruwan da ke ciki ake ɗibar wannan zafi, shi ya sa ruwan ke sanyi. Haka gumi yake yi wa jikinmu.

Da wannan ilimi ne wani malami a maƙwabciyarmu Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Rahotannin aikinsa sun nuna gautar da kan lalace cikin kwana 3 takan kai kwana 27 a ciki. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Ki gaya wa yara wannan labari, su san cewa mutumin da duniya ta karrama da tukunya da yashi ya yi aikinsa.

Bari in faɗa miki inda na sha kunya. Na maimaita gwajin nan da wani aji a cikin Agusta, ana tsakiyar damina, sai bambancin ya zama ɗan kaɗan, har wasu yara suka ce ba su ji komai ba. Da farko na so in ce musu, "Ku dai rubuta na tulu ya fi sanyi." Allah Ya taimake ni ban faɗa ba. Na tambaye su me ya bambanta yau da lokacin bazara. Wani yaro ya ce, "Malama, ko wankin gidanmu ma kwana biyu ke nan bai bushe ba." Shi ke nan, ya gano amsar: in iska ta cika da laima ba ta iya ɗaukar ƙarin tururi da sauri, saboda haka tulu ba ya sanyaya ruwa kamar yadda yake yi da hunturu ko bazara. Ranar da gwajin ya ƙi, ranar suka fi ƙaruwa.

Gwaji na biyu: zoɓo mai sauya launi

Ki jiƙa jan zoɓo a ruwan ɗumi, ba sukari ba komai, ki tace, ki sirka shi da ruwa har ya zama ana hangen haske ta cikinsa. Ki zuba a kofunan gilashi ko yankakkun gorunan roba guda biyar. Na farko kada a sa masa komai, shi ne shaida, da shi za a riƙa kwatanta sauran. Na biyu a matsa lemon tsami, na uku ruwan tsamiya, na huɗu ruwan kanwa, na biyar tataccen ruwan toka.

Kafin a zuba kowanne, yara su yi hasashe. Za su ga lemon tsami da tsamiya sun sa jan ya ƙara haske, kanwa da toka kuwa sun sa ya yi duhu, ya koma shuɗi-shuɗi, in an ƙara ya karkata zuwa kore-kore. Sannan ki tambaye su: za mu iya dawo da jan? A riƙa ɗiga lemon tsami a kofin kanwa, za su ga kumfa na tashi, jan kuma ya dawo.

Bayanin shi ne abubuwa suna da dangi. Akwai dangin tsami, waɗanda masana ke kira asid, akwai kuma dangin kanwa, kishiyoyinsu. Sinadarin da ya ba zoɓo launinsa yakan sauya kala gwargwadon dangin da ya haɗu da shi. In dangin biyu suka haɗu sai su kashe ƙarfin juna, kumfar da ke tashi kuwa iska ce irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Uwargida, kin ga abin da kike yi ke nan duk ranar da kika jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami. Kin daɗe kina kimiyya, suna ne kawai ba a gaya miki ba.

Gwaji na uku: daga ina rijiya ke samun ruwa?

Babu yaron Daura da bai san rijiyar Kusugu da labarin Bayajida da macijiya ba. To ki tambaye su: ruwan da ke cikin Kusugu, da na rijiyoyin gidajenmu, daga ina yake zuwa? Wasu za su ce kogi ne a ƙarƙashin ƙasa, wasu su ce ruwan sama ne ke faɗawa ta baki. Ki rubuta duka a allo.

Ki samo faffaɗan mazubi na roba da ake ganin cikinsa. Ki yanke kai da gindin gorar ruwa, ki huda jikinta ƙananan huji daga ƙasa, ki tsayar da ita a gefe ɗaya. Ki zuba tsakuwa da yashi kewaye da ita har mazubin ya kusa cika, cikin gorar ya zama fanko. Wannan ita ce rijiyarmu. Yanzu yaro ɗaya ya riƙa yayyafa ruwa a kan yashin, nesa da gorar, kamar ruwan sama. Jim kaɗan za su ga ruwa yana tasowa a cikin rijiyar alhali ba wanda ya zuba mata. In suka duba ta gefen mazubin za su ga layin da jiƙaƙƙen yashi ya tsaya, kuma daidai nan ruwan rijiyar ya tsaya. Ruwan sama ne ke nutsewa ya zauna a tsakanin ƙwayoyin yashi da tsagar duwatsu, rijiya kuwa rami ne da ya kai gare shi. Shi ya sa rijiya ke cika bayan damina, ta ja baya da bazara.

Sai kashi na biyu, wanda ya fi muhimmanci. A ɗaya gefen a tona ɗan rami a ce wannan masai ne, a zuba masa zoɓo mai kauri. A riƙa ɗibar ruwa daga rijiyar da cokali ko sirinji marar allura, ana ƙara yayyafi. Ba za a daɗe ba ruwan rijiyar zai fara ja. A nan ajina ya yi shiru, sannan wata yarinya ta ce, "Malama, to ai rijiyarmu kusa da bayi take." Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma a ƙasa mai yashi irin tamu ruwa ya fi saurin ratsawa. Yaron da ya ga jan nan ya iso rijiya da idonsa ba zai manta da hanyar da amai da gudawa ke bi su shigo gida ba.

Gwaji na huɗu: 'ya'yan zogale da ruwa mai laka

Ki dama ƙasa a ruwa ya yi gurɓi, ki raba a gora biyu masu lita ɗaya-ɗaya. Ki ɓare busasshen ɗan zogale ɗaya, ki daka farar ƙwayar ta yi laushi, ki dama da ɗan ruwa mai kyau, ki zuba a gora ɗaya kawai. A girgiza duka biyun da ƙarfi na minti ɗaya, a juya su a hankali na minti biyar, a ajiye. Yara su riƙa dubawa duk bayan minti goma sha biyar suna zana abin da suka gani. Cikin awa ɗaya zuwa biyu mai zogalen zai kwanta ya yi garau, ɗayan kuwa yana nan da gurɓinsa. Dalili shi ne akwai wani sinadari a ƙwayar zogale da ke kama ƙananan ƙwayoyin laka ya dunƙule su, su yi nauyi su nutse.

Sannan ki yi musu tambayar tarko: yanzu za a iya shan wannan ruwa? Da yawa za su ce e. A nan za ki koya musu cewa ruwa ya yi garau ba shi ne ya tsarkaka daga cuta ba, domin ƙwayoyin cuta ido ba ya ganinsu. Sai an tafasa shi ko an sa masa maganin tsabtace ruwa. Kada a bar kowa ya sha ruwan gwaji.

Gwaji na biyar: sanda da inuwa

Ki kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili mai baje, ta tsaya cak. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, duk bayan rabin awa yara biyu su fita su sa tsakuwa a ƙarshen inuwar, su auna tsawonta da igiya ko abin awon tela, su rubuta. Za su ga inuwar tana gajarcewa, ta kai wani matsayi, sannan ta fara tsawo ta ɗaya ɓangaren. Lokacin da ta fi gajarta shi ne tsakiyar rana, daga nan rana ta yi zawali. Wannan shi ne abin da suke karantawa a darasin lokutan salla, kuma da shi iyayenmu ke gane Azahar tun kafin agogo, suna auna inuwa da tafin ƙafa.

Za su yi mamakin ganin cewa ba ƙarfe 12 daidai abin ke faruwa ba. A Daura yakan faɗo ne tsakanin kusan 12:10 da 12:40 gwargwadon watan da ake ciki. In kuka ci gaba da awon sau ɗaya a wata, za ku ga wani abin. Daura tana wajen digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. A ƙarshen Disamba inuwar sandar da tsakar rana takan kai kusan santimita 74, tana fuskantar arewa. A ƙarshen Yuni kuwa kusan santimita 18 ce, tana fuskantar kudu. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da bayan tsakiyar Agusta, rana kan tsaya a saman kai, inuwar ta kusa ɓacewa. Ki bar yara su gano ranar da kansu. Ga kimiyya, ga lissafi, ga haƙurin bibiyar abu wata da watanni.

Uzurorin da muke kawowa

Na san abin da ke ranki, malama, domin ni ma na faɗe shi.

"Yaran sun yi yawa." Gaskiya ne. Ki raba su rukuni-rukuni na mutum shida zuwa takwas, kowa da aikinsa: mai ɗauko kaya, mai zubawa, mai awo, mai rubutu, mai bayani. A gwaji na gaba a yi musanya. In ajin ya yi ƙunci ku fita gindin bishiya. Za a yi surutu, amma surutun masu aiki daban yake da na marasa aikin yi, kunnenki zai bambance.

"Babu kayan aiki." Ki sake duba gwaje-gwajen nan biyar. Me ke ciki da ba za a samu a gidajen yaran ko a kasuwar Daura, Mai'aduwa, Zango, Ɓaure ko Sandamu ba? Ki tanadi kwali ɗaya a aji, yara su riƙa kawo goruna, gwangwanaye, igiya da murafe.

"Lokaci ba ya isa, ga jarrabawa." Ba kowane darasi ne zai zama gwaji ba. Ko sau ɗaya a mako biyu ya wadatar da farko. Abin da na lura a ajina shi ne batun da muka gwada ba na sake wahalar maimaita shi in jarrabawa ta matso.

"Da wane harshe?" Ki bar yaro ya yi hasashe da bayani da Hausar da yake tunani da ita, sannan ki ba shi kalmar Turanci ya rubuta, ya kuma yi amfani da ita a jimla. In ya riga ya ga abu, sunan zai zauna. A wani shiri da aka fara a Ile-Ife a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa, an koyar da yara darussan firamare, har da kimiyya da lissafi, da Yarbanci na tsawon shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma sakamakon ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su.

Sai kiyaye lafiya. Duk abin da ya shafi wuta, ruwan zafi, wuƙa ko reza, ke za ki yi shi tun kafin yara su zo. Ba a ɗanɗana komai a lokacin gwaji. A kiyaye ruwan toka da na kanwa daga ido, a wanke hannu da sabulu in an gama. Kuma ki gwada kowane abu a gida tukuna kafin ki kai shi aji.

Ke fa uwa?

Ba sai kin yi karatun boko mai zurfi ba. In ɗanki ya tambaye ki me ya sa ƙullin waina ke tashi, ko me ya sa nono ke tsami, kada ki ce, "Kai ka cika surutu." Ki ce masa, "Kai me kake gani? Zo mu gwada." Ku raba ƙullin biyu, ɗaya a wuri mai ɗumi, ɗaya a wuri mai sanyi, ku ga wanda zai riga tashi. In ba ki san amsa ba ki ce masa ya tambayo malama, matambayi ba ya ɓata.

Ki kula da 'ya mace musamman. Na lura in an ajiye kayan gwaji, maza ne ke rige-rigen ɗauka, 'yan mata su ja baya su riƙe biro. Malama ta hana wannan, uwa ma ta hana. Dukkanmu mun san yadda mace ke so ta tarar da 'yar uwarta mace a ɗakin haihuwa, a ɗakin awo da wurin gwajin jini. Ga makarantar koyon aikin lafiya a nan Daura, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 2019. Yarinyar da ta fita firamare tana ganin kimiyya wasu kalmomi ne masu wuyar hadda, da wuya ta nufi waɗannan ƙofofi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin wannan wata

Ki zaɓi gwaji ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ki yi shi da ɗalibanki ko 'ya'yanki kafin fitowa ta gaba. Ki rubuta abubuwa uku: hasashen da suka yi, abin da ya faru, da tambayar da suka yi miki wadda ba ki zata ba. In kuna da taron mata a unguwarku, ki kai zoɓo da kanwa ki nuna musu, minti goma ya isa.

Ita kuwa yarinyar da ta ce ban ba su a rubuce ba, bayan mun yi gwajin tulu ta zo ta same ni ta ce ta naɗe gorar ruwanta da jiƙaƙƙen tsumma ta rataye a inuwa, kuma ruwan ya yi sanyi. Ta ce tana son ta gwada ko baƙin tsumma da fari za su bambanta. Na ce mata ta je ta gwada ta kawo mana sakamako, amma ta tabbata gorunan iri ɗaya ne, ruwan ma yawansa ɗaya.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba. Wassalamu alaikum.